Sana'ar da Ba Ta da Makaranta: Tarihin Masu Zayyanar Sadaukan Ƙarfe a Japan

Daga cikin sana'o'in da ƙarni na ashirin ya zo da su akwai wata a ƙasar Japan wadda, in aka bayyana ta ga mai hankali a karon farko, zai zaci ba'a ake yi masa, domin ma'abucinta yakan ƙare ƙuruciyarsa da tsufansa yana zayyana injin da ba za a ƙera ba, yana auna gwiwarsa da kafaɗarsa, yana lissafin inda matuƙi zai zauna da inda zafi zai fita, alhali ya san sarai abin ba zai taka ƙasa ba sai a takarda da allon talabijin. Ita ce sana'ar zayyana manyan mutum-mutumin yaƙi, ƙattin ƙarfe masu surar ɗan Adam da tsayin bene mai hawa biyar ko shida, waɗanda masu sana'ar ke kira meka. A zamanin da aka aza tubalinta babu makarantar da ke koyar da ita, babu littafin ƙa'idojinta, babu mai ba da ijaza a kanta, kuma galibin shaihunanta mutane ne da suka baro banki, ko kamfanin tufafi, ko jami'ar da ba su gama ba. Sai dai wanda ya ce ba su da malami bai yi adalci ba, gama sun sami masu horo masu tsanani, illa dai ba a cikin aji suke ba.

Japanawa sun daɗe da sha'awar surar da ke motsi da kanta. Tun a shekarar 1796 Hosokawa Hanzo ya wallafa littafi mai zane-zane da ke bayyana yadda ake haɗa 'yar tsanar da ke kai wa baƙo shayi, kamar yadda Aljazari ya yi tasnifinsa kan dabarun handasa a 1206 a fadar sarakunan Diyarbakir. Waɗancan malamai wajibi ne zanensu ya yi aiki in an ƙera shi. Mutanen da muke magana a kansu wani abu daban aka ɗora musu, wato zanensu ya sa ido ya gaskata cewa zai yi aiki, kuma wannan ilimi ne mai zaman kansa.

Mafarin al'amarin yana cikin toka. Mitsuteru Yokoyama, haifaffen birnin Kobe a 1934, yana yaro jiragen Amurka samfurin B-29 suka ƙone garinsu a 1945, girman waɗannan jirage da irin ɓarnar da suka yi kuwa ba su bar zuciyarsa ba. Da ya gama sakandare ya taɓa aikin banki na ɗan lokaci, ya koma sashen talla na wani kamfanin fim, yana koya wa kansa zane da duban littattafan Osamu Tezuka, har a 1956 ya fara fitar da labarin Tetsujin 28 a mujallar yara. Ƙaton ƙarfen nan makami ne na asiri da aka fara ƙerawa domin yaƙi, ba a kammala shi ba sai da yaƙin ya wuce, ya faɗa hannun wani yaro mai sarrafa shi daga nesa da ɗan akwati. Ba shi da niyya ta kansa. Duk wanda akwatin ya shiga hannunsa, salihi ko fajiri, shi ne ubangijinsa. Surarsa mai sauƙi ce ƙwarai, ƙirji kamar ganga, dogon hanci mai tsini, hannuwa da ƙafafu kamar bututu, ba wanda ya tambayi yadda gwiwar take lanƙwashewa, domin a lokacin girman kaɗai ya isa hujja.

Bidi'ar da ta canja fuskar sana'ar ta zo a 1972 daga Go Nagai, wanda shi ma bai shiga makarantar zane ba, almajirci ya yi a ɗakin aikin Shotaro Ishinomori yana cike masa bayan hoto. Ya sha ba da labarin cewa cunkoson motoci ya gani wata rana, ya raya a ransa cewa direban da ke can baya zai so motarsa ta fid da ƙafafu ta tsallake na gabanta. Daga nan ya fitar da Mazinger Z, ƙato mai tsayin mita 18 wanda matuƙinsa ke zuwa da ɗan ƙaramin jirgi ya sauka cikin ƙoƙon kansa ya tuƙa shi. Da yaro ya shiga cikin ƙarfen, sai ƙarfen ya zama jikinsa, sai kowane ɗan makaranta a Japan ya ga kansa a wurin. A 1974 kamfanin Popy, reshen Bandai, ya fitar da surar Mazinger da aka zuba da narkakken ƙarfe, mai nauyi a tafin hannu, mai harba dunƙulen hannunsa in an danna maɓalli, aka sa wa jerin suna Chogokin, aka yi ta saye ba ƙaƙƙautawa. A nan ne malami na farko ya shigo, wato ɗan kasuwa.

Tun daga wannan shekara har ƙarshen shekarun 1970 masu kayan wasan yara ne ke biyan kuɗin shirin talabijin, saboda haka su ke da fatawa ta ƙarshe a kan surar gwarzo. Dole launinsa ya zama ja da shuɗi da rawaya don ya ja idon yaro daga bayan gilashin kanti, dole ya riƙe takobi ko wani abin da ake harbawa, kuma bayan Getter Robo na 1974, inda jirage uku ke haɗuwa su zama ƙato guda, sai ya zama sharaɗi ya haɗu ko ya rikiɗa. A Getter, masu zanen sun yi wa ƙarfe yadda suka ga dama, yana miƙewa yana kumbura kamar ba ƙarfe ba, abin da ya gagari masu ƙira su kwaikwaya. Don haka Katsushi Murakami na kamfanin Popy ya juya tsarin, ya zama ana fara tabbatar da cewa abin wasan zai iya rikiɗa a hannu, sa'an nan a zana shi a fim, kamar yadda aka yi wa Raideen a 1975. Na san akwai masu ganin wannan zamani a matsayin lokacin da ciniki ya hau kan fasaha, kuma ba su rasa hujja ba, amma a ganina tilascin nan shi ya fara koya wa masu zane tambayar da ta zama ginshiƙin sana'arsu: in hannun ya naɗe, ina zai shiga?

Malami na biyu ya fi ɓoyuwa, shi ne hannun mai zanen motsi. A wancan zamani kowane hoto da hannu ake zana shi a kan farantin roba mai haske, a shafa masa fenti ta baya, kuma ko da aka tsuke aiki zuwa zane takwas a kowace daƙiƙa, shirin rabin sa'a yana cin dubban zane, ga shi kowane mako ana bukatar sabo. Ke nan duk layi ɗaya da mai zayyana ya ƙara a ƙirjin ƙato, ya ɗora wa wasu bayin Allah masu ƙaramin albashi nauyin maimaita shi sau dubbai. Aikinsa shi ne ya miƙa takardun ƙa'ida da ake kira settei, masu nuna ƙaton ta gaba da ta baya da ta gefe, da tafin ƙafarsa, da tsayinsa in an jera shi da mutum, ta yadda masu zane da dama a ɗakuna daban-daban za su fitar da abu guda ba saɓani. Wanda ya cika ado, za a rage masa ba tare da shawara ba. Wannan ne ya tilasta musu neman surar da ake ganewa ko da an shafe ta da baƙi ƙirin, da ƙaho ɗaya, ko faɗin kafaɗa, ko yanayin tsayuwa.

Mutumin da aka fara rubuta wa laƙabin mai zayyanar inji a matsayin sana'a tasa ta kansa shi ne Kunio Okawara, haifaffen 1947. A jami'a zayyanar yadi ya karanta, ya yi aiki a kamfanin tufafi, sa'an nan a 1972 ya shiga kamfanin Tatsunoko da nufin zanen bayan hoto, sai shugabansa Mitsuki Nakamura ya ɗora shi a kan injunan abokan gaba na shirin Gatchaman. Babu wanda ya gabace shi balle ya yi masa taƙlidi. Abin da yake da shi shi ne son taɓa inji da hannu, da idon tela mai sanin yadda sutura ke zama a kafaɗa.

A watan Afrilu na 1979 kamfanin Nippon Sunrise ya fara nuna Gundam a ƙarƙashin jagorancin Yoshiyuki Tomino, wanda ya ƙudura cewa ƙaton ƙarfe ya daina zama gwarzo mai karama, ya koma kayan soja da ake ƙerawa da yawa a masana'anta, mai lambar samfuri, mai ƙarewar harsashi, wanda ake kai wa makanikai gyara. Tomino ya so gwarzon ya zama fari, kamfanin Clover mai biyan kuɗi ya ce sai an sa shuɗi da ja da rawaya, aka yi sulhu a tsakiya, Okawara ya ɗauko alamun sulken samurai ya ɗora masa a goshi. Amma abin lura yana wajen abokin gaba. Da yake Clover ba ta yi niyyar sayar da surar maƙiyi ba, ba ta sa baki a kansa ba, Tomino kuma bai gindaya sharaɗi ba sai ɗaya, cewa ya zama mai ido guda. A cikin wannan sarari Okawara ya zana Zaku, kore, mai bututu a fili daga baki zuwa ƙeya da kuma a ƙugu, mai garkuwa a kafaɗa ɗaya da ƙayoyi a ɗaya, kuma ya faɗi da bakinsa cewa tsohon aikinsa na kwat ɗin maza ya taimake shi wajen fitar da tsayuwarsa. Har yau masu sana'ar da dama sun fi girmama Zaku a kan Gundam ɗin kansa, ni ma ra'ayina ke nan, domin shi ne na farko da mai kallo ya ji kamar an ƙera dubunsa kuma ana iya rasa ɗaya ba a yi makoki ba.

Shirin bai sami kasuwa ba da farko. Kayan wasan Clover ba su tafi yadda aka so ba, aka datse shi daga kashi 52 zuwa 43. Waɗanda suka riƙe shi ba yaran da aka nufa ba ne, samari ne 'yan sakandare da jami'a, su ne kuwa malami na uku, mafi tsananin bincike. Su ba su yarda a ce musu haka abin yake ba, sai an kawo dalili. Me zai sa a yi yaƙi da ƙato mai hannu da ƙafa a zamanin makami mai linzami? Marubucin shirin Kenichi Matsuzaki ya riga ya tanadi hila, ya ƙago wata ƙwayar zarra da ke makantar da na'urar hango jirage, ta yadda dole mayaƙa su matso su ga juna da ido. To me ƙafa za ta yi a sararin samaniya inda babu ƙasar takawa? A 1981 aka fitar da wani kundi mai suna Gundam Century, inda aka yi bayanin cewa wurga hannu da ƙafa na juya injin ba tare da ƙona mai ba. Haka matani ya sami sharhi, sharhi ya sami hashiya, har abin da masoya suka rubuta a gefe ya dawo ya zama ƙa'idar da kamfanin kansa ke bi.

A watan Yuli na 1980 Bandai ta fitar da Gundam na roba wanda mai saye ke yankewa ya haɗa da kansa, a kan yen 300, bisa ma'aunin ɗaya cikin 144, watau ƙaton mita 18 ya dawo santimita goma sha biyu da rabi. A lardin Shizuoka ake yin su, inda tsohuwar sana'ar sassaƙa ta rikiɗa ta zama ta ƙananan jirage na katako, daga baya na roba. Cikin shekara arba'in an sayar da fiye da miliyan 700, Clover kuwa ta karye tun 1983. Muhimmancin wannan ga tarihinmu ya wuce na riba. Yaron da ya haɗa gwiwar Zaku da yatsunsa ya san inda ta gaza lanƙwashewa, ya ɗauki wuƙa ya gyara, ya shafa mata tsatsa da taɓo kamar tankar yaƙi, ya aika hoto ga mujallar masu wannan sha'awa. Wanda ya taɓa ganin yaranmu suna haɗa mota da kara da langa-langa, suna gardama a kan yadda za a sa tayar gaba ta juya, ya san irin ilimin da hannu ke samu wanda kunne ba ya samu.

Daga cikin irin waɗannan samari aka sami tsara ta biyu. Tun farkon shekarun 1970 wasu masoya labaran kimiyya sun haɗu sun kafa ƙungiyar da ta zama Studio Nue, su Kazutaka Miyatake da Naoyuki Kato, waɗanda zanensu na sulken soja mai inji a bugun Japananci na wani littafin Robert Heinlein a 1977 ya yi tasiri a kan Gundam kansa. Wani ɗan sakandare mai suna Shoji Kawamori, haifaffen 1960, ya riƙa kai musu zanensa suna yi masa gyara, ya shiga jami'ar Keio karatun injiniya, aiki ya janye shi bai gama ba. Shi ne a 1982 ya fitar da Valkyrie na shirin Macross, jirgin yaƙi mai kama da F-14 na Amurka, wanda ke naɗewa ya zama mutum ba tare da wani sashe ya ɓace ko ya tsiro daga babu ba. Ba da alƙalami kaɗai ya warware wannan mas'ala ba, da takarda mai kauri ya gwada, a ayyukansa na baya kuma ya shahara da gwaji da tubalan Lego, sai abin ya naɗu a hannunsa sa'an nan ya zana. Shi da Miyatake suna cikin waɗanda suka yi wa kamfanin Takara zayyanar jerin Diaclone, wanda Amurkawa suka saya suka mayar da shi Transformers a 1984.

Sauran na tsararsa kowa da ƙofar da ya shigo. Yutaka Izubuchi mai kallo ne kawai kafin a ba shi zanen abokan gaba a 1978, bayan shekara goma ya fitar da injin 'yan sanda na Patlabor. Mamoru Nagano ya bar jami'a, ya zo a 1984 da ra'ayin cewa a fara zana ƙashin injin sa'an nan a tufatar da shi da sulke, ra'ayin da ya warware matsalar gaɓoɓi har masu ƙira suka ɗauke shi. Hajime Katoki kuwa daga shafukan mujallar Model Graphix ya fito a ƙarshen shekarun 1980, da layuka masu kaifi da ƙananan rubuce-rubucen gargaɗi irin na jikin jirgin sama.

Labarin bai tsaya a Japan ba. Grendizer na Go Nagai, wanda aka fara a 1975, ya isa Faransa da Italiya a 1978, aka kuma juya shi zuwa Larabci ingantacce a Labanan, ya zama abin da yaran ƙasashen Larabawa suka tashi da shi, har a 2022 aka kafa masa sura mai tsayin fiye da mita 33 a Riyad. Mu kuma a Nijeriya ta hannun Amurka abin ya iso mana, da Voltron, zakoki biyar masu haɗuwa su zama sadauki guda, wanda asalinsa shirin kamfanin Toei ne na 1981 mai suna GoLion, kuma waɗanda suka yi ƙuruciya a gaban talabijin a ƙarshen shekarun 1980 ba su manta shi ba.

Mai koyon wannan zane shi kaɗai a yau, da kwamfuta ko da fensir, yana bin sawun waɗancan ne ko bai sani ba. Yakan fara da kwaikwayo, sa'an nan ya gane cewa kwaikwayon zanen wani ba ya isa, sai ya koma ga abin da su suka duba: hannun motar haƙa ƙasa da yadda bututun mai ke tura shi, ƙafar saukar jirgi, ɓawon ƙaguwa da yadda yake rufe gaɓa ba ya hana ta motsi. Yakan koyi cewa takarda ba ta san girma ba, sai an gaya mata, da 'yar ƙofa daidai tsayin mutum, ko matakala a gefen ƙafa, ko duban ƙaton daga ƙasa har kansa ya ƙanƙance. Yakan sha wuya a kafaɗa da ƙugu, inda sulke biyu ke son zama wuri guda. Abin da ya rasa shi ne mai hana shi. Tun da kwamfuta ta ɗauke wahalar maimaita layi, ba mai cewa a rage, shi ya sa ake ganin ƙatti masu sassa dubu waɗanda in an kau da ido ba a iya tuna kamanninsu, alhali yaro na iya zana Zaku da ka bayan kallo biyu.

Hisabi kuma yana nan da hukuncinsa, wanda Galileo ya bayyana tun 1638: in aka ninka tsayin jiki sau biyu, nauyinsa sau takwas yake ninkuwa, amma faɗin ƙashin da zai ɗauke shi sau huɗu kacal. Duk da haka an gwada. Kogoro Kurata, maƙeri ne mai aikin ƙarfe, ya fara da ƙera wani ƙaton da Okawara ya zayyana mai suna Scopedog da cikakken girmansa, wajen mita huɗu, sa'an nan a 2012 ya nuna Kuratas, injin da mutum ke shiga ya tuƙa, mai nauyin tan huɗu da wani abu, sai dai a kan tayoyi yake tafiya. A tashar jiragen ruwa ta Yokohama kuma, daga Disamba 2020, injiniyoyi sun tsayar da Gundam mai mita 18 da nauyin tan 25, yana ɗaga ƙafa, yana durƙusawa, yana nuna sama da yatsa, amma wani ƙaton ƙarfe na riƙe da ƙugunsa ta baya, shi ke ɗauke da nauyin duka. An rufe wurin a ƙarshen Maris 2024, aka kwance shi.